Hoton da Khala Batula Ta Roƙa a Gyara

Ranar Talata da hantsi, ina tsakiyar juya tsohuwar da nake jinya a unguwar Bani Malik da ke Jidda, wayata ta ɗauki ƙara a aljihu. Na ƙyale ta har ta yi shiru, domin Khala Batula, wadda ta koya mini aikin nan, ta hana ni sakin mutum a rabin juyi, kome ake yi. Sai da na sa wa tsohuwa matashi a baya, na sa wani tsakanin gwiwoyinta, sannan na duba. Samiya ce, babbar 'yar Khala Batula. Samiya haifaffiyar Jidda ce, tana jin Hausa sarai, amma Larabci ya fi mata sauƙi a baki. Ran nan ko ɗaya bai zo mata ba. Ta ce, "Hauwa... Ummi... halas." Sai kuka.

Na zauna a bakin gadon, na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na yi ta maimaitawa ban san sau nawa ba. Ban samu fita ba sai da 'yar tsohuwar ta dawo daga aiki. Kafin in isa gidansu a unguwar Madain Fahd an riga an ɗauki gawa zuwa masallaci. Ban ga fuskarta ba, kuma wannan zai daɗe yana ci mini rai.

Matan da muka yi zaman makoki tare sun ce ni zan rubuta wani abu a kanta, tunda cikin waɗanda ta koya wa jinya ni na fi daɗewa a hannunta. Na karɓa, ko da yake rubutu ba sana'ata ba ce. Zan faɗi abin da na sani na halinta. Zan kuma faɗi buri ɗaya da ya hana ta sukuni a shekararta ta ƙarshe: a gyara layi guda da aka rubuta a ƙarƙashin hoton wata yarinya, a wani ɗan ƙaramin gidan tarihi da ke kudancin garin nan.

A Sudan aka haifi Batula, wadda muke ce wa Khala, wato inna da Larabci. Kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su aikin hajji, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya noman auduga, tsayawar ta zama zama. Shi ya sa Hausarta irin ta tsofaffi ce, mai nauyi, da Larabci a gauraye. Ta zo Jidda tana amarya, ta samu aiki a wani gidan kula da masu lalura, irin wanda a da ake ce wa gidan naƙasassu. A ɗakin 'yan mata ta yi sama da shekara talatin, tana wanka, tana ciyarwa, tana kwasar kashi da fitsari, har gwiwoyinta suka ce sun gaji.

Ni kuwa daga Gusau na zo umra, na maƙale kamar yadda da yawanmu suka maƙale. Aikin farko da na samu jinyar wata mata ce da jikinta ya shanye. Cikin wata ɗaya bayana ya riƙe, ita kuma gyambon kwanciya ya fara fito mata a ƙugu. Wata maƙwabciya ta haɗa ni da Khala. Khala ta zo ran Juma'a, ta tsaya a ƙofa tana kallon yadda nake ciccibar matar.

Ta ce, "Ke 'yar Gusau, buhun gero kike ɗauka? Mutum ce fa. Kin yi mata sallama? Kin gaya mata za ki ɗaga ta?"

Na ce, "Khala, ai ba ta ji."

Ta ce, "Wa ya gaya miki? Bakinta ne kawai ya rufe."

Ta murza tafukanta har suka yi ɗumi, ta sunkuya ta gaishe da matar da sunanta, ta ce mata, "Za mu juya ki dama, kin ji." Da zanin gado ta juya ta, ba ta ko yi nishi ba. Daga ranar na zama 'yar Gusau a bakinta har ta koma ga Allah.

Kada wanda bai san ta ba ya ɗauka mace ce mai sanyi. Wallahi Khala akwai faɗa. In ta kama ki kina ba mara lafiya abinci kina kallon waya, sai kin gwammace ƙasa ta tsage ki shige. Takan ce, "Cokali ba ya shiga sai kin ga maƙogwaro ya motsa." Takan ce, "In kin makara ki makara, kar ki rama a jikin wanda ba zai iya kai ƙararki ba." In mun je gidan wasu mutanenmu da ke ɓoye ɗansu mai lalura a ƙuryar ɗaki saboda baƙi, sai ta ture shayin da aka kawo mata ta ce, "Ku fito da shi mu sha tare. In ba zai fito ba, ni ma na ƙoshi." Na ga an ji haushinta a kan wannan, na kuma ga an fito da yaran.

Bara aka mayar da gidan da ta yi aiki sabon gini, aka ware ɗakuna uku na tsohon ginin aka mai da su gidan tarihi, aka gayyaci tsofaffin ma'aikata su zo su gani. Lokacin Khala ba ta iya doguwar tafiya sai a keken turawa. Ta kira ni ta ce, "Yalla, 'yar Gusau, nemi hutun rabin yini, ke za ki tura ni." A mota sai raha take, wai za ta je ta ga ko sun sa tsintsiyarta a cikin gilashi.

Wata matashiya 'yar ƙasa ce ke kula da wurin, muna ce mata Ustaza. Yarinya mai ladabi, ta sumbaci kan Khala, ta shige gaba tana bayani. A ɗakin farko akwai gadajen ƙarfe masu sanduna har ƙirjin mutum, da kwanukan tasa da suka sha duka, da cokula da aka lanƙwasa, da takalman ƙarfe na ƙafa, wasu ƙanana har tafin hannuna ya fi su. Fentin sabo ne, amma Khala ta ce ita har yanzu tana jin warin maganin wankin ƙasa.

A ɗaki na biyu, kusa da manyan littattafan rajista, akwai akwatin gilashi da aka jera wasu ƙyallaye masu igiya. Ustaza ta rage murya ta ce da su ake ɗaure mazauna gidan a jikin gado, kuma an daɗe da haramta hakan. Duka farare ne, sai guda ɗaya na atamfa da ta koɗe. Khala ta ce in matsa da ita.

Ta ce, "Wannan ɗinkina ne. Mu biyu ne a ɗaki cike da gadaje. Igiyar da ake ba mu tana cin fata, sai na riƙa yanka tsofaffin zannuwana ina cusa auduga."

Ustaza ta ce ai wannan jinƙai ne, Allah ya saka mata.

Khala ta ce, "Kar ki wanke ni, 'yata. Na ɗaure su don in je in wanke wasu. Suna kuka ina ji."

Ɗaki na uku hotuna ne. A can ƙarshen bango akwai wata yarinya da ba za ta wuce shekara bakwai ba, kwance a irin gadon nan, wuyanta a karkace, tana dariya da dukkan bakinta. An yi mata kitso ƙanana, irin namu na gida. Khala ta karanta rubutun da ke ƙasa, ta sake karantawa, na ga hannunta ya damƙe ƙarfen keken. Ni Larabcin aiki kawai nake ji, ba na karanta shi sosai, sai na tambaye ta me aka ce. Ta ce, "Sun ce sunanta Nura. Sun ce ba a san iyayenta ba, a ƙofar gida aka tsince ta. Fitar da ni."

A tsakar gidan, ƙarƙashin wata darbejiya, ta ba ni labarin da ta ce ko mijinta bai ji ba har ya rasu. Sunan yarinyar Aminatu. Mahaifinta Malam Isa, mahaifiyarta Hajo, mutanen wajen Maraɗi. Sun zo hajji tare suka zauna, zazzaɓi ya ɗauke Malam Isa yarinyar tana ƙarama. Aminatu ba ta zama, ba ta magana, haɗiya ma da ƙyar. Hajo ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, gyaɗa take sayarwa a bakin titi, kullum sai ta kulle 'yar a ɗaki ita kaɗai cikin zafin Jidda. Gidan kuwa ba ya karɓar kowa sai mai takarda, ko wanda aka tsinta ba a san nasa ba.

Khala ta ce, "Ni na kawo shawarar. Hajo ta kwantar da ita a ƙofa da safe, ni kuma na zo aiki na yi kamar na tsince ta, na kwarma ihu. Aka tambaye ni ko na san ta, na rantse ban taɓa ganinta ba."

Aka karɓe ta, aka sa mata Nura. Duk Juma'a Hajo takan zo a matsayin 'yar'uwar Khala mai yi wa yara kitso sadaka. Sai ta bi 'yan matan ɗakin ɗaya bayan ɗaya ta yi musu, don ta samu ta zauna da tata a ƙarshe ba wanda ya zarge ta. Shekara uku ana haka. Wata rana aka yi kame a inda take talla, aka kai ta tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, aka mayar da ita gida. Ba a sake jin ɗuriyarta ba. Aminatu ta girma a gidan har ta zama budurwa, a hannun Khala ta cika.

Khala ta ce, "Kin san abin da mutane ke ɗauka in an ce ba a san iyayen yarinya ba. Duk wanda ya tsaya gaban hoton nan abin da zai raya ke nan. Wallahi 'yar halak ce. An ɗaura auren iyayenta, an yanka mata rago. Ni na shafa mata wannan da bakina. Na zaci ya mutu a cikin littafi, ga shi sun rataye shi a bango." Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ran nan.

Ta ce in mayar da ita ciki. Ta zayyana wa Ustaza kome, ba ta rage ba. Ustaza ta yi kuka, ta ce amma rubutun daga rajista aka kwafo shi, ita ba ta da ikon canja ko harafi. Sai an kawo takardar aure, ko ta haihuwa, ko wani shaida. Khala ta ce, "Ni ce shaidar. Ni na yi ƙaryar, ni na zo janye ta." Ustaza ta ce to sai dai a rubuce, a aika wa na sama. Ta kuma ja ni gefe ta ce in gaya wa iyalinta su yi tunani, domin takarda irin wannan tana iya jawo tambayoyi, ga shi iƙamar Khala a ƙarƙashin ta ɗanta take.

Gida ya rikice. Samiya ta ce, "Ummi, haram alaiki. Yarinyar ta mutu, uwar ba a san inda take ba. Mu da muke raye fa?" Ba na ganin laifinta, tsoron takarda ba wanda bai san shi ba a cikinmu. Ni ma bayansu na bi, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Khala, Allah ya san gaskiya, ki bar shi haka."

Ta dube ni ta ce, "Allah ya sani tun ran farko. Mutane na yi wa ƙarya."

Ta yi ta faɗa har Samiya ta gaji ta rubuta mata da hannunta, Khala ta sa hannu, na kai wa Ustaza. Muka shiga neman Hajo. Mun tura saƙon murya ga duk wata 'yar Maraɗi da muka sani, su ma suka tura gaba. An samo mana Hajo har uku, ba tata a ciki. Sau uku ina tura Khala zuwa gidan tarihin. Kowane zuwa sai ta sa in tsayar da ita gaban hoton, ta ce, "Aminatu, ni ce," sannan mu je wurin Ustaza, ita kuma ta ce takarda tana sama, a ƙara haƙuri. Tambayoyin da aka ji tsoro ba su zo ba. Amsa ma ba ta zo ba.

Daga nan ciwo ya kwantar da ita. Ƙafafu suka kumbura, abinci ya daina shiga. Juma'ar ƙarshe na je gaishe ta da safe, ta kama hannuna ta ce, "'Yar Gusau, je ki duba mini. Raina yana ba ni sun gyara."

Na tafi. Na wuce gadajen, na wuce akwatin gilashin, na shiga ɗaki na uku. A inda hoton yake sai ƙusa kawai. Ustaza ta zo ta riƙe hannuna, ta ce an yanke hukunci. Tunda an sa shakka a rubutun, kuma babu takardar da za ta tabbatar da sabon, an ga mutunta yarinyar shi ne a sauke hoton a ajiye a ma'ajiya. Ta ce, "Mun cire ne don kar mu zalunce ta." Da zuciya ɗaya ta faɗa, na ga haka a fuskarta.

Na ce to a bar ni in ɗauka da wayata in kai wa tsohuwa. Ta ce abin da ya shiga ma'ajiya ba ya fita sai da izini. Na buɗe baki in yi faɗa irin na Khala, Larabcin ya gudu ya bar ni. Ko da bai gudu ba, ni wa? Mace mai jinya a gidan mutane, da ba ta son a tambaye ta tata takardar. Na tsaya ina kallon ƙusa har Ustaza ta kawo mini ruwa. Shekara talatin Khala tana ɗauke da abin nan, da ta sauke shi kuma sai ya zama sanadin da aka kawar da fuskar yarinyar gaba ɗaya.

Da na koma Madain Fahd na daɗe a bakin ƙofa ban shiga ba. Tana jin motsina ta buɗe ido.

Ta ce, "Sun gyara?"

Na ce, "Sun gyara, Khala."

Ta ce, "Me suka rubuta?"

Na ce, "Aminatu 'yar Malam Isa, mahaifiyarta Hajo."

Ta ce in sake faɗa, na sake. Ta ce alhamdu lillahi har sau uku, sannan ta ce a dama mata kunu, ita da ta kwana biyu ba ta sa kome a ciki ba. Ni na ba ta da cokali, ta sha fiye da rabin kofi. Bayan kwana huɗu ta rasu.

Samiya, da ke da ƙannenki, a nan kuke fara jin wannan, ku yafe mini. Na kasa faɗa muku a zaman makoki. Har yau ban san ko daidai na yi ba. Wani lokacin in ce na ba ta kwana huɗu na kwanciyar rai. Wani lokacin in ce matar da ta ƙi mutuwa da ƙarya a wuyanta, ni na raka ta da wata. Na koma wurin Ustaza bayan sadakar bakwai, ta yi mini ta'aziyya, ta ce yanzu da mai shaidar ta rasu ba ta ga ta inda za a sake buɗe maganar ba. Ba ni da takarda, ba ni da shaida, ban san garin su Hajo ba. Abin da ya rage a hannuna shi ne abin da na ji daga bakin Khala, ga shi na rubuta.

Ya Allah, baiwarka Batula ta zo gare ka. Ka san jikkunan da ta wanke waɗanda nasu suka guje su, ka san bakunan da ta ciyar. Ka san ɗaurin da ta yi tana ƙi, da rantsuwar da ta yi don ta ceci rai, ka kuma ga ta tuba a gaban mutane ba ta ji kunya ba. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya makwancinta, ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba Samiya da ƙannenta da jikokinta haƙurin wannan rashi, ka rufa musu asiri a ƙasar nan, ka haɗa kansu a bayanta. Mu da ta koya wa aiki, ka sa mu riƙe amanar waɗanda ke hannunmu. Ni kuma ka yafe mini abin da na faɗa mata ran Juma'a.

Hajo, in tana raye a wani gari tana tunanin 'yarta, ka sanyaya mata zuciya. In ta riga mu, ka jiƙanta. Ka jiƙan Malam Isa. Ka jiƙan 'yarsu Aminatu, 'yar halak, ka tashe ta da lafiyayyen jiki, ka kira ta da sunan da ubanta ya raɗa mata. Amin.